An ɗauke wuta ana tsakiyar hawa Windows 11, kwamfuta ta ƙi tashi: sai an yi mata fomatin?

Tambayar daga wani malamin makarantar firamare ce a Rigasa, Kaduna. Ya ce kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka HP ce, ta hannu ya saya, tana kan Windows 10. Sai ta nuna masa saƙon cewa zai iya hawa Windows 11, ya danna ya bar ta tana aikinta. An yi nisa aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ba ya riƙe caji, ta mutu. Tun daga nan in ya kunna sai ta nuna tambarin HP, ɗigogin nan su yi ta kewayawa, allo ya koma shuɗi, ta sake kunna kanta, haka dai take yi. Makin ɗalibai na zango biyu da takardun makaranta da hotunan iyalinsa duk suna ciki, ba shi da kwafinsu a ko'ina. Mai gyaran da ya kai wa ya ce ba makawa sai fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a saka sabon Windows. Yana son ya ji ko da gaske babu wata hanya.

Malam, sannu da wannan tashin hankali. Kar ka yarda a yi wa kwamfutar nan fomatin sai makin yaran nan da hotunanka sun fito sun koma wani wuri. Abin da ka siffanta, galibi Windows ne ya karye a tsakiyar hanya, fayilolinka lafiyarsu ƙalau. Ƙofar zaure ce ta kafe, kayan ɗaki suna nan yadda ka bar su, ba a kuwa rushe gida don ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ga abin da ke gudana a cikinta lokacin hawa sabon Windows, domin in ka gane shi za ka san dalilin kowane mataki da zan ba ka. Da farko tana sauke sabon tsarin ta ajiye a wata ɓoyayyiyar folda. Sannan ta kashe kanta ta tashi, ta kwashe tsohon Windows da manhajojinsa ta tura su wata folda mai suna Windows.old, ta shimfiɗa sabon a gurbinsa. Daga nan ta shiga dawo da saitunanka da fayilolinka da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da allo da rumbun ajiya da sauran sassan na'ura. Tana kuma sake rubuta ɗan bayanin da ke nuna wa na'urar inda za ta samu Windows idan an kunna ta. Wuta ta yanke maka a tsakiyar wannan kwashe-kwashe: tsohon ya tashi daga wurinsa, sabon bai gama zama ba. A duk cikin aikin babu inda ake goge fayilolin mai kwamfuta, matsar da su kawai ake yi. Fomatin ne yake gogewa. In kuma rumbunka SSD ne, wato na zamani marar faifai, abin da aka goge da wuya ya dawo, domin irin wannan rumbun yana share gurbin da aka saki da kansa, ba kamar tsohon mai faifai ba da akan iya tono abin da aka goge.

Tunda tana nuna tambarin HP, allonta da ƙwaƙwalwarta da BIOS ɗinta, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da na'ura kafin Windows, suna aiki, wannan ya rage mana rabin fargaba. Wanda tasa ba ta nuna komai, allo baƙi ƙirin, fitilar Caps Lock na ƙiftawa, matsalarsa daban ce. Wani lokaci sabunta BIOS kan biyo cikin sabuntawar Windows, in wuta ta yanke a kansa sai na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. A HP akan riƙe madannin Windows da B tare, a danna na kunnawa na ɗan daƙiƙoƙi, a saki a jira, sau da yawa takan farfaɗo da BIOS ɗin da kanta. A Dell, Ctrl da Esc ake riƙewa yayin da ake jona caja. Kai ba ka buƙatar wannan.

Kafin ka sake kunna ta, nemi wutar da ba za ta yanke ba. Da batirin da ba ya riƙe caji, duk gyaran da ka fara kan wutar layi kana iya ƙara mata wani rauni a kan na farko. Je wurin da ke da sola ko inbata, ko ka tabbatar akwai mai a janareta da zai kai awa uku zuwa huɗu. Zare duk abin da ke jikinta, filash da firinta da modem, ka bar caja kaɗai. Sai ka kunna ka zuba ido. In ka ga rubutu yana cewa "Undoing changes made to your computer", ka ɗauke hannunka. Windows ne yake ƙoƙarin komawa baya da kansa, kuma a tsohon rumbu mai faifai yakan ɗauki awanni. Mutane da yawa a nan suke ɓata abin: su ga minti ashirin ba motsi, su danne maɓalli su kashe, alhali saura kaɗan ta gama.

In ba ta gyara kanta ba, sai mu shiga shafin ceto na Windows. A HP, da ka kunna ka riƙa danna Esc har jerin zaɓi ya fito, sai ka danna F11. In hakan bai yi ba, kunna ta, da ɗigogin sun fara kewayawa ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ka maimaita haka sau biyu ko uku. Za ta rubuta "Preparing Automatic Repair", daga bisani ta kai ka wani shuɗin shafi. Zaɓi "Advanced options", sai "Troubleshoot", sai kuma "Advanced options". In shafin ceton ma ya lalace, za ka buƙaci filash mai girman 8GB ko fiye, a wata kwamfuta mai lafiya a saka masa Windows da manhajar Media Creation Tool daga shafin Microsoft. Filash ɗin za a share shi gaba ɗaya, don haka kar ka ba da mai kaya a ciki. Ka jona shi, ka danna F9 lokacin kunnawa ka zaɓe shi. Masu Dell da Lenovo F12 za su danna. Idan shafin saka Windows ya fito, kar ka taɓa "Install", ka nemi inda aka rubuta gyara kwamfuta, "Repair".

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ba gyara za mu fara ba, kwashe kaya za mu fara. Ɗauki wayarka tukuna ka shiga OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, da asusun Microsoft ɗinka in kana da shi, domin sau da yawa Windows yana tura abin da ke Desktop da Documents can ba tare da mai shi ya lura ba. Ko ka same su ko ba ka same su ba, ka ci gaba. A cikin jerin nan na shafin ceto zaɓi "Command Prompt", wani baƙin akwati zai buɗe. Jona wani filash ko rumbun waje mai isasshen wuri, ka rubuta notepad ka danna Enter. A cikin Notepad je "File", sai "Open". A ƙasan tagar da ta buɗe canza nau'in fayil zuwa "All Files", in ba haka ba ba za ka ga takardun Word da Excel ba, ka tsorata a banza. Danna "This PC" za ka ga duk rumbunan da ke jiki. Kar ka damu in ka tarar rumbunka ba C yake amsawa ba, a wannan shafin haruffan sukan sauya, yana iya zama D ko E. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ka ga mai foldar Users. Shiga ciki, ka nemi foldar da ke ɗauke da sunan da kake shiga da shi. In ka tarar babu komai, kar gabanka ya faɗi, duba Windows.old, a cikinta ma akwai Users, can aka matsar da su. Danna dama a kan Desktop ko Documents ko Pictures, zaɓi "Copy", koma kan filash ka yi "Paste". Ba za ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, za ta yi kamar ta daskare, ka bar ta har ta saki. Fara da makin ɗalibai, sannan takardu, hotuna da bidiyo su zo daga baya. Bayan ka gama, kai filash ɗin wata kwamfuta ka buɗe fayilolin da idonka ka tabbatar suna buɗuwa. Sai a lokacin za ka ce kana da kwafi.

Abu ɗaya zai iya tare ka a nan, shi ne BitLocker, makullin rumbu na Windows. In ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48, rumbun a kulle yake. Kwamfutoci da yawa suna kulle rumbunsu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai shi bai ma sani ba. Lambar tana cikin asusun da aka fara shiga kwamfutar da shi, ka buɗe account.microsoft.com a waya, ka duba ɓangaren na'urori. Masu kwamfutar hannu su lura: in shagon da ya sayar maka ne ya saita ta da nasa asusun, lambar tana wurinsa, can za ka koma. Kar ka ba kowa kuɗi don ya ce zai fasa makullin ba da lambar ba. Ba ya fasuwa.

In hanyar Notepad ta gagara, akwai biyu bayanta. A saka Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta daban da Windows, a filash, a tayar da kwamfutar da shi, a zaɓi "Try Ubuntu", zai buɗe ba tare da ya rubuta komai a rumbunka ba, ka kwashe kayanka kamar yadda ka saba. Ko kuma a kwance rumbun a saka shi cikin ɗan akwatin USB a jona a wata kwamfuta. Ana samun akwatin a shagunan kayan kwamfuta na cikin gari, wajen Ahmadu Bello Way da Kasuwar Sheikh Gumi. Tafi da rumbun a hannunka, domin akwai mai faɗin inci 2.5, akwai siririn M.2, shi ma M.2 ɗin kashi biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane akwati ke karɓar duka ba.

Kaya sun fita, hankali ya kwanta. Sai mu tambayi lafiyar rumbun kansa. Kunna, danna Esc, sai F2, HP tana da nata gwajin sassa a ciki. Gwada rumbu da kuma RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Ina nacewa a kan wannan ne saboda hawa sabon Windows aiki ne mai nauyi, ana karatu da rubutu a rumbu ba ƙaƙƙautawa, kuma rumbun da ya yi shekaru yana aiki a Turai ko Amurka kafin ya iso Kaduna ya sha zafi da ƙurar hunturu, a irin wannan ranar yake bayyana gajiyarsa. In gwajin ya ce rumbu ya faɗi, ko kana jin yana ƙas-ƙas, ka tsaya nan. Kar ka yi masa chkdsk, umarnin Windows na duba rumbu da gyara shi, kar ka yi ta kunnawa da kashewa. Sabon SSD za ka saya a saka masa Windows, kuma za ka ga na'urar ta fi da sauri nesa ba kusa ba.

In rumbu lafiya lau, koma shafin ceto ka zaɓi "Uninstall Updates". Zaɓi biyu za ka gani. Na "feature update" shi ne naka, shi ke mayar da kai Windows 10 ta amfani da foldar Windows.old. Ɗayan na "quality update" na ƙananan sabuntawar wata-wata ne. Wannan hanya ita ce mafi tsabta, domin manhajojinka da saitunanka duk za su dawo yadda suke. Shi ya sa nake roƙon ka kar ka bari wani ya goge Windows.old da sunan samar da wuri. Ga wanda ya hau Windows 11 lafiya kuma bai ji daɗinsa ba, kwana 10 kawai Windows yake ajiye foldar nan kafin ya share ta da kansa. In wannan zaɓin ya ƙi, gwada "Startup Repair", sannan "System Restore" in akwai ranar da aka adana.

Sai "Startup Settings": danna "Restart", sai lamba 4, ta shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan na dole kawai. In ta tashi a nan, to wani direba ne ko wata manhaja ke kayar da ita, galibi na hoto, ko manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta wadda ba ta Microsoft ba. Cire ta ka sake kunnawa. Lambar kuskuren da ta fara da 0xC1900101 ma direba take nunawa. Kar ka raina wannan hanya. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, ta tsayar da jiragen sama da bankuna da asibitoci, allo shuɗi ana ta kewayawa kamar taka. Gyaran shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil guda.

In duk wannan bai yi ba, akwai umarni biyu da nake komawa gare su. Ka rubuta su daidai harafi da harafi a Command Prompt, kuma duk inda na sa C ka sa harafin da ka gano rumbunka ke amsawa. Na farko yana soke ayyukan sabuntawa da suka maƙale ba su ƙarasa ba:

dism /image:C:\ /cleanup-image /revertpendingactions

Na biyu na wanda allonsa ke nuna 0xc000000e ko 0xc000000f ne, ko yake cewa babu abin da zai tashi da shi, alamar bayanin tashi ne ya lalace. Rubuta diskpart, sai list vol. Nemi ƙaramin yanki mai FAT32, galibi girmansa megabait ɗari zuwa ɗari uku ne. Rubuta select vol da lambarsa, sai assign letter=S, sai exit. Sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Za ka ci karo da masu cewa a yi bootrec /fixboot. Wannan na tsofaffin na'urori ne, a kan na zamani yawanci "Access is denied" zai ce maka. Ina kuma gargaɗinka da babbar murya: a cikin diskpart kar ka taɓa rubuta kalmar clean, ko wa ya ce ka yi. Cikin ƙiftawar ido take share tsarin rumbun duka, ba ta tambayar ko ka tabbata. In ka ji hannunka bai saba da wannan baƙin akwatin ba, ka samu wanda ya saba ya zauna kusa da kai, ba abin kunya ba ne.

Wani abu da ke yawan faruwa da kwamfutocin hannu: ɗan ƙaramin batirin da ke kan allon uwa, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS, ya mutu. In babban batir ma ya mutu aka kuma ɗauke wuta, saitin sai ya koma na asali. Danna F10 ka shiga BIOS ka duba kwanan wata. In ka ga ya koma shekarun baya, to haka ne. Duba ko tsarin tashi ya sauya tsakanin UEFI, sabon tsari, da Legacy, tsohon tsari, domin Windows 11 da UEFI kaɗai yake tafiya. Masu Dell su duba saitin rumbu tsakanin AHCI da RAID, sauyawarsa kaɗai na kawo shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, kuma a ɗauki hoton yadda aka same shi kafin a taɓa.

Daga ƙarshe akwai "Reset this PC" da zaɓin "Keep my files", wanda zai bar fayilolinka ya cire manhajoji. In ma ta kama a saka sabon Windows daga filash, ana iya zaɓar yankin da tsohon yake ba tare da an danna "Format" ko "Delete" ba, sai ya tattara tsofaffin kaya ya zuba a Windows.old. Wato ko a matakin ƙarshe fomatin ba dole ba ne.

Game da mai gyaran, ba na cewa mugu ne. Fomatin aikin awa ɗaya ne, abin da na lissafa maka kuwa yana iya cinye yini, ga layin masu jira, ga kuɗin aikin kusan ɗaya. Amma abin yana ci mini rai, domin wanda ya kawo kwamfuta sau da yawa abin da ke cikinta ya fi ta daraja a wurinsa, kuma ba a tambayarsa. In za ka koma, ka ce masa a sarari: fayilolina nake so a fara cirewa, zan biya kuɗin wannan daban. Ka je da filash ɗinka, ka zauna a yi a gabanka. Makin 'ya'yan mutane da hotunan iyalinka amana ne, bai dace su kwana a shago ba.

Saura batun ko ka sake gwada hawa Windows 11. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, shirin ƙarin sabuntawar tsaro na masu amfani a gida kuma zuwa 13 ga Oktoban 2026 aka tsara shi, don haka zama a kan tsohon ba mai ɗorewa ba ne, musamman ga na'urar da ke hawa intanet. Tunda ita da kanta ta yi maka tayin, alama ce ta cika sharuɗɗa: sashen tsaro na TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, rumbu aƙalla 64GB, da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Irin su EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da suka cika kasuwa ƙarni na shida ne, ana tursasa musu Windows 11 ta bayan fage, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba. Kai dai ka fara canza batirin nan, ko aƙalla ka yi aikin a kan sola. Ka samar da sarari a rumbu, gigabait talatin ko fiye, ka cire manhajar kashe ƙwayar cuta ta waje, ka zare komai sai caja, kuma ka fara da safe ranar da ba ka da aji, ba daren da za a raba sakamako ba. Fayil ɗin makin kuma, duk ranar da ka shigar da sabo ka tura wa kanka kwafi ta imel.

In ka bi matakan nan ta tsaya a wani wuri, ɗauki hoton allon da waya yadda lambar kuskuren da ke ƙasa za ta fito sosai, ka haɗa da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar da sakamakon gwajin F2, ka aiko mini in duba.